Kitson Wayoyi a Kan Mama Saratu

Duk shekara sai an turo mini ɗalibai, kuma duk shekara sai an sami mai cewa, “Anti Rabi, ai wannan ba wani aiki ba ne. Hula ce za a kifa wa mutum, kwamfuta ta yi sauran.” Ba na musu da mai faɗar haka. Kujera nake ja masa, in miƙa masa tef da jan fensir, in ce ga kan abokinka nan, bismilla. Kafin azahar ya jiƙe da gumi, abokin ya fara tsaki, layukan da ke gudu a fuskar kwamfuta kuwa sun koma kamar inda kaji suka yi tono. Sai a lokacin yake zama ya saurare ni. To, ku ma ku zauna.

Sana'ata ɗauko saƙon ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwar mutum tana aiki da wata 'yar wutar lantarki mai rauni ƙwarai, wadda ake iya jiyo alamarta a fatar kai. Mu kuma muna liƙa wasu ƙananan ƙarafa masu kama da maɓallin riga a wuraren da aka sani, kowanne da wayarsa, su kwaso alamar su kai wa na'ura ta zana. Likitoci I-I-Ji suke ce wa gwajin. Mutanen unguwa kuwa cewa suke an sa wa wane waya a ka.

Wurin Malam Sule na koya, a wani asibiti nan kudancin kogin garinmu, tun na'urar tana zane da alƙaluman tawada a kan doguwar takarda. Na yi watanni bai bar ni na taɓa kan kowa ba. Aikina wanke maɓallai da tsohon buroshin haƙori, in shanya su, in warware wayoyi kada su sarƙe. Ranar da ya ba ni kai na farko, wani dattijo ne mai sanƙo daga unguwar Makera, har na ce a raina yau na samu sauƙi. Na auna daga gindin hanci zuwa ƙashin ƙeya, na auna daga kunne zuwa kunne, na ɗiga jan fensir, na goge da auduga da sifirit, na shafa man liƙi, na manna. Malam Sule ya zagayo ya tsaya a bayana. Shi ba mai faɗa ba ne, kuma da ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Yatsu biyu kawai ya sa ya ciro maɓalli ɗaya ya ajiye mini a tafin hannu, ya koma ya zauna. Na sake awo. Ashe na kauce da faɗin ɗan yatsa.

Shi ya koya mini gane ƙaryar takarda. Mutum ya ƙifta ido, layi ya yi tsalle. Ya ciji haƙori, layi ya yi gashi-gashi. Fanka na juyawa kusa da waya, ko janareta na ruri a bayan taga, duk sai su shiga zanen su zauna kamar 'yan gida. Wanda bai sani ba sai ya kai wa likita ƙarar fanka ya ce ga ciwon yaro.

Yawancin masu zuwa mana yara ne masu farfaɗiya da iyayensu mata. Akwai kuma manyan maza, waɗanda za su shigo da babbar riga da ƙasaita, da sun ga wayoyi sai murya ta ƙanƙance: “Hajiya, ba dai zai ja ni ba ko?” Sai na rantse musu cewa wayar ɗauka take, ba ta bayarwa. Amma ainihin dalilin da ya sa aka ɗauke ni aiki shi ne mata. Mace ba za ta cire ɗankwali ta miƙa wa Malam Sule kanta ba. Da na fara karɓarsu kuma sai na gane waɗanda suka ƙera kayan nan ba su taɓa ganin kan Bahaushiya ba. Gashinmu ya cika, ga man kaɗanya ko man shanu an shafa, maɓalli ya zauna a saman gashi yana lilo, fata na can ƙasa ba su gaisa ba. Wasu ma'aikatan askewa suke cewa a yi. Ni kuwa 'yar mai kitso ce. Na ɗauko kibiyar tsaga gashi ta uwata da matsefi, na riƙa yin awo tukuna, sannan in tsaga gashin yadda kowace tsaga za ta bi ta kan ɗigon jan fensir, in kitse abin da ya rage gefe. Kitso ne mummuna, ba mai zuwa biki da shi. Amma maɓalli yana zama daram, layi ya fito fes. Idan an gama in wanke mata kai, in tsefe, in yi mata na mutunci ta tafi gida.

Shekarar korona ita ce muguwar shekararmu. Sana'ar da gaba ɗayanta taɓa kan mutum ce, aka ce kada a matsa kusa da kowa. Aka rufe ɗakinmu. Da aka buɗe, na'urar da ta daɗe a kashe ta ƙi tashi, Malam Sule kuma ya riga ya rasu, babu mai lallaɓa ta. Na ci gaba da zuwa, in share ɗaki, in wanke maɓallan da ba su yi datti ba, in zauna har lokacin tashi. Gida ma ba kowa, yara sun watse, maigida ya daɗe da rasuwa. Kaɗaici ya dame ni a shekarar nan, ba zan ɓoye muku ba.

Bayan haka ne Dakta Iliya ya neme ni. Ba likitan allura ba ne, daktan kwamfuta ne, ɗan Sabon Tasha, siririn mutum mai magana kamar ana korarsa. An ba shi ɗaki a bayan wani asibitin gashin ƙashi, yana neman wanda ya iya kai.

“Anti,” ya ce, “idan kika motsa hannu, akwai wuri a saman kanki da ke canja kiɗa. Idan ba ki motsa ba, kika dai raya a ranki kina motsawa, wurin nan yana canjawa kusan haka. Wannan an daɗe da sani. Ni saurin nake nema. A hankali mutum ya raya, ko da gudu?”

Na ce, “To, in ka sani sai ka yi me da shi?”

“Wanda jikinsa ya shanye, wata rana zai tuƙa kekensa na guragu da tunani. Keken da bai san komai ba sai tafi da tsaya, ai kwata zai jefa mutum.”

Manhajar da ya haɗa a kwamfuta don wannan aiki ba a karanta mata doka. Guntayen saƙon ƙwaƙwalwa ake ɗura mata masu ɗimbin yawa, kowanne an yi masa alama, wannan sauri, wannan sannu. Ita kuma ta riƙa tace su mataki bayan mataki, kamar rariya a kan rariya, har ta gano bambancin da kanta. Yawan matakan ya sa suke ce masa koyo mai zurfi. Sai dai ba ta da ƙyama, duk abin da aka ba ta ci take. Idan mutum yana cije haƙori duk lokacin da ya raya sauri, haƙorin za ta koya, ta dawo tana yi muku alfahari ta iya. Nan aikina yake. Kuma akwai abu ɗaya da ni da Dakta da na'urar duk ba mu da ikon dubawa: abin da mutum ya raya da gaske. Allon da ke gabansa ya ce sauri, mu rubuta sauri. Amana ce kawai.

Kan Mama Saratu shi ne kan da ya fi ba ni wuya a wurin nan. Tsohuwar ma'aikaciyar masaƙa ce a unguwar Kakuri, daga kudancin jiha ta zo tun tana budurwa, ta tsufa a ɗaki ɗaya a gidan haya. Hawan jini ya shanye mata ɓarin hagu, bakinta ya ɗan karkace amma maganarta na fita. Ɗanta ɗaya yana Fatakwal. An yi mata bayani tun farko cewa wannan ba magani ba ne, ta ce ta ji, ta yarda. Duk Alhamis ake tura mai Keke Napep ya ɗauko ta. Ranar farko da ta zame ɗankwali na ga gashin ya dunƙule ya zama tabarma, don hannu ɗaya ba ya tsifa.

“Sista, ki yi haƙuri da kan,” ta ce. “Ya kwana biyu bai ga mutum ba.”

Da ruwan ɗumi da sabulu na bi shi, ina warwarewa da yatsa kafin matsefi ya shiga. Ranar ba mu ɗauki komai ba, wankin kai kawai aka yi.

Makonnin farko na'urar ba ta gane ta ba ko kaɗan. Allo ya ce sannu, ya ce sauri, Mama ta ƙura masa ido, sakamako ya fito kamar an yi canki-canka. Na tambaye ta me take rayawa. Ta ce ita fa ba ta san yadda ake motsa hannu a banza ba, hannu aiki yake yi. Na ce wane aiki nata ya yi? Nan take fuskarta ta canja. Ashe a teburin duba yadi ta yi rayuwarta. Yadi na fitowa daga inji, ita ke jan sa da hannun hagu a kan tebur mai fitila, tana neman inda zare ya tsinke ko rini ya ɗiga. Na ba da shawara ta riƙa raya ƙulla zare in an ce sauri, shafa yadi in an ce sannu. Dakta ya girgiza kai.

“A'a, Anti. In aikin biyu ne, bambancin aiki za ta koya, ba na sauri ba. Motsi ɗaya nake so, gudu biyu.”

Mama ta ce, “Ai jan yadin ma gudu biyu ne, yarona. Da safe a hankali muke ja, ido na kan kowane zare. In an kusa canjin shif, sufabaiza na tsaye, kaya sun taru, ja ake kamar za a yaga.”

Daga ranar na'urar ta fara jin ta. Akwai wani ƙaramin sanda mai haske a allon, idan manhajar ta karanta sauri sai ya zabura, idan ta karanta sannu ya ja jiki. Mama na zaune, hannun hagu na kwance a cinya ko motsi, sandan nan kuwa yana bin ranta. Ran da ta fara ganin haka ta yi dariya har layuka suka lalace, sai da muka dakata. Ta koma shirya wa Alhamis tun Laraba. Takan zo da zanen zumuntar mata na cocinsu a goge, wani lokaci da gyaɗa dafaffiya a leda. Ina kitsa mata tsagogin waya tana ba ni labarin masaƙa, yadda jiniya ke kaɗawa titin Kakuri ya cika da mutane har keke ba ya wucewa. Ni ma, gaskiya, Alhamis ta fi mini sauran ranaku.

Ƙa'idar aikin ita ce, idan manhajar ta iya mutum sosai, an sami abin da ake nema, sai a sallame shi a ɗauko wani. Wata Alhamis Dakta ya leƙo da murnarsa ya ce, “Mama, kin fi kowa! Saura kaɗan mu sallame ki ki huta.” Ta ce masa ta gode.

Mako na gaba komai ya rushe. Allo ya ce sauri, sanda ya ja jiki. Allo ya ce sannu, sanda ya zabura. Na ce laifin daga wajena ne. Na sake awo, na canja man liƙi, na gwada wayoyi ɗaya bayan ɗaya, na sa aka kashe fanka muka zauna cikin zafi. Wani makon ma haka, na bayansa ma haka. Dakta ya koma ya tone manhajarsa ko shi ya juya alamomin, bai sami komai ba. Rannan bayan ta tafi ya kira ni ya juyo mini kwamfutarsa.

“Anti, duba nan. Na'urar da ta rikice canka take yi, ta dace nan, ta kuskure can. Wannan kusan ba ta dace ko sau ɗaya ba. Ba rikicewa ta yi ba. Tana jin Mama sarai.”

Na ce, “Wato me?”

“Wato in an ce sauri, sannu take rayawa.” Ya cire tabarau ya murza ido. “Ni ba zan iya tambayarta ba. Ke take yi wa magana.”

Na roƙe shi ko za a bar ta ta ci gaba da zuwa haka nan. Ya ce masu ba da izinin binciken sun ƙayyade yawan zaman da za a yi da kowane mara lafiya, kuma ba daidai ba ne a riƙa ɗaura wa tsohuwa wayoyi alhali ba a bukatar komai a kanta. Ban ji daɗin amsar ba, amma gaskiya ya faɗa.

Alhamis ta zagayo. Na zaunar da ita, na tsaya a bayanta da kibiya. Amfanin sana'armu ke nan, kana bayan mutum, ba sai kun haɗa ido ba. Na fara tsaga, na ce, “Mama, yadin nan da kike ja, anya ba juya shi kike ba?”

Na gama tsaga ɗaya na kama ta biyu, sannan ta ce:

“Injin ne ya faɗa miki?”

“Shi ne.”

“Munafuki,” ta ce. Ta ɗan yi dariya, dariyar ba ta yi nisa ba. “To, Sista, in ya iya, sai me?”

“Sai ki huta, Mama.”

“Hutu? Ni da nake hutu tun ran da masaƙa ta tsaya? Daga Juma'a zuwa Laraba bango nake kallo. Yaran gidan su leƙo su ajiye abinci su gudu. Nan ne kaɗai ake cewa Mama ta makara, ana jiranta.”

Na ce zan riƙa zuwa Kakuri in yi mata kitso, ai daga gidana a Makera ba nisa.

“Ki zo, zan ji daɗi, Allah ya sani. Amma zuwa gaisuwa daban, a aiko mai keke a ce ana nemanka wurin aiki daban.”

Wannan kam na san shi a jikina. Na ci gaba da kitso. Can na gaya mata abin da ya wajaba in gaya mata. Na ce abin da ake ɗauka a kanta ba nata ba ne ita kaɗai, za a haɗa shi da na wasu a koyar da manhajar. Idan aka ɗura mata sannu da sunan sauri, wata rana wani bawan Allah zai zauna a keke a bakin titi, ya raya a hankali, keken ya zabura da shi.

Kanta ya tsaya cak a hannuna.

“Wato yadi mai aibi nake turawa.”

Na ce, “Kusan haka.”

“Ni Saratu? Duk zamana a teburin nan ba a taɓa dawo da yadi an ce ta hannuna ya wuce ba.” Ta gyara zama, ta sa hannun dama ta ɗauko na hagun ta daidaita shi a cinya. “Ki gaya wa yaron nan ya ware na makonnin nan, kada ya haɗa da masu kyau. Sa mini wayoyin.”

Na liƙa maɓallai, na duba kowanne, na rage hasken ɗaki. Dakta ya zauna gaban kwamfutarsa. Allo ya ce sannu, sanda ya ja jiki. Allo ya ce sauri, sanda ya zabura. Haka aka yi ta yi har ƙarshe, ba ta ƙifta ido inda bai kamata ba, ba ta ciji haƙori ba, ba ta nemi a dakata ta sha ruwa ba. Tunda nake sana'ar nan ban ɗauki zane mai tsabtar wannan ba. Ina kallon layukan ina jin baƙin ciki, don na san kowane layi mai kyau yana matso da ita bakin ƙofa ne.

Da aka gama na ciro maɓallai, na wanke mata kai, na shafa mai, na yi mata kitson shuku. Dakta ya zo ya durƙusa ya yi mata godiya, ya ga idonta, ya sulale ya fita. Mai keke na waje yana jira. Na miƙa mata sandarta, ta miƙe da ƙyar, amma ba ta nufi ƙofa ba.

“Sista, a masaƙa ba wanda ya ce mana an gama. Da safe muka zo da kwanon abincinmu muka tarar da get ɗin shiga masaƙa a kulle. Muka yi ta dawowa muna tsayawa a bakin titi, ko wani zai fito ya yi mana magana. Ba wanda ya fito.” Ta dube ni sosai. “Ke ki faɗa mini da bakinki.”

Na matso kusa da ita. Na tsaya a gabanta, na ajiye tawul ɗin da ke hannuna.

Na ce, “Mama Saratu, an gama. Aikinki ya yi kyau, ba a sami aibi ko ɗaya ba. Kin tashi aiki.”

Ta gyaɗa kai a hankali.

“To, madalla,” ta ce. “Haka ake yi.”

Na riƙe mata hannu har cikin keken, na gyara mata zanen kada ya shiga taya. Ba ta waiwayo ba. Na tsaya har suka sha kwanar da ke fita babban titi, sannan na koma ciki, don maɓallan na cikin roba suna jiran wanki.